Kalma Mai Ƙofa da Sakata

Wasiƙar ta iso ranar Talata, a Hull,
ruwan sama ya lashe gefen ambulan.
Na buɗe ta a tsaye, takalmin aiki a ƙafata.
Kalma ɗaya, sau huɗu a shafi guda:
kwalifai.

Na kira Nafi'u, ɗan shekara goma sha ɗaya,
wanda Turanci ya tsiro masa a baki kamar haƙori.
Ya ce, "Umma, ai mai sauƙi ce.
In ƙungiyarmu ta ci wasan Asabar
ta haye zagaye na gaba. Shi ke nan."
Ya koma wa ƙwallonsa.

Na ɗauko ƙamus ɗin da na taho da shi daga gida,
wanda bangonsa ya rabu da shi tun a filin jirgi.
Cancanta, in ji shi. Dacewa. Ƙwarewa.
Cika sharaɗi. Isa.
Na ce to, isa kam na isa:
shekara goma sha bakwai ina karɓar haihuwa a Gumel,
wani daren da tocila tsakanin haƙorana,
na yanke cibiyar yaran da yau muryarsu ta buɗe.
Amma takardar ba ta ce a'a ba,
kuma i ɗin da ta ce, ɗingishi yake yi.

Da dare, a gidan tsofaffi na titin Holderness,
ina gyara wa Misis Pennock matashin kai.
Shekara arba'in ta koyar da nahawu.
Sunan 'yarta ya ɓace mata,
nahawu bai ɓace ba.
Na nuna mata. Ta laluɓo tabarau,
ta bi layin da yatsa mai rawa.

"Wannan ta sama ƙofa ce," in ji ta.
"Ta ƙasan nan kuwa sakata.
Kalmar tana nufin a rage wa magana ƙarfi,
a ƙayyade ta, a ja mata iyaka,
a sa mata dabaibayi kada ta yi nisan kiwo.
A ce i, sannan a ja numfashi.

Haka siffa take yi wa suna.
Ki ce mace, duk matan duniya sun shigo ɗakin nan.
Ki ce doguwa, rabi sun fita.
Ki ce baƙuwa..."
Ta dube ni, ta bar sauran a bakinta.

Sai na tuna Baffa Tanimu a rumfar hatsi:
yakan cika mudu har ya yi tozo,
mai saye ya fara murmushi,
sannan ya share kan da gefen hannu.
Hannun da ya cika shi ne ya rage,
bai taɓa ganin aiki biyu ne ba.

To, ga abin da suka auna mini:
kin cancanta, muddin kin sake jarrabawa.
Kin isa, in dai wani ya tsaya a kanki wata shida.
Kin ƙware, sai dai a can.
Na ƙirga "amma" uku, babu wadda aka rubuta da sunanta.

Ƙarfe huɗun asuba na cike fam ɗin a kicin,
shayi ya huce, injin wanki yana gurnani.
Mai nema ba ya fushi, an ce.
An ce. Ni na yi, kaɗan,
na ninke shi tare da takardar.

Na koma juya ta kafin gari ya waye.
Hannuna ɗaya a kafaɗarta, ɗaya a ƙugu,
kamar yadda ake tarbar jariri mai zuwa da gardama.
Ido a rufe ta ce,
"Barira, kina da hannu mai kyau."

Na tsaya ina jiran sauran jimlar.
Agogo ya motsa. Wata mota ta wuce a kan jiƙaƙƙen titi.

Ba ta ƙara komai ba.
Barci ya ɗauke ta.